Babi na Shida: Yaƙin da Ba a Gwabza Ba

Ranar Lahadi 30 ga Yulin 2023 shugabannin ƙasashen ECOWAS suka taru a Abuja, suka ba sojojin da suka ƙwace mulki a Yamai wa'adin mako guda: ko su mayar da Shugaba Mohamed Bazoum kan kujerarsa, ko ƙungiyar ta ɗauki duk matakin da ta ga ya dace, har da ƙarfin soja. Kwana huɗu ke nan da dakarun da ke gadin fadar shugaban ƙasa, a ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani, suka kulle mutumin da aka ba su amanar tsaronsa. Wanda ya jagoranci zaman shi ne Bola Ahmed Tinubu, wata biyu da rantsar da shi a Najeriya, mako uku da ba shi shugabancin ECOWAS a Bissau, inda ya ce an daina lamuntar juyin mulki a Afirka ta Yamma. Nijar ce ta zama gwajinsa na farko.

Kowa ya san in aka ce rundunar ECOWAS, Najeriya ake nufi. Senegal da Benin sun ce za su ba da sojoji, Alassane Ouattara na Kwaddibuwa ya yi alkawarin bataliya guda mai mutum 850 zuwa 1,100, amma jiragen yaƙi da kuɗi da mafi yawan dakarun daga Najeriya za su fito, kamar yadda aka yi a Laberiya a 1990 da Saliyo a 1998. Hafsoshin tsaro sun zauna a Abuja, sun sake zama a Akara, har kwamishinan ƙungiyar mai kula da harkokin siyasa da tsaro, Abdel-Fatau Musah, ya shaida wa manema labarai ranar 18 ga Agusta cewa an tsayar da ranar shiga, sai dai ba za a faɗe ta ba. Ranar ba ta taɓa zuwa ba.

Dalilan suna da yawa. Mali da Burkina Faso sun ce duk wanda ya taɓa Nijar ya yi musu shelar yaƙi. Aljeriya ta ƙi, Chadi ta ce babu ruwanta, Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar amma ba ta sa albarka a yi amfani da ƙarfi ba. Sai kuma dalilin da ya taso daga cikin gida, wanda shi ne abin da za mu duba a nan: 'yan Najeriya da kansu, musamman mutanen arewa, sun fito sun ce ba da yawunsu ba, kuma sun san ƙofofin da za su ƙwanƙwasa a ji su.

Iyakar da ta ratsa gida ɗaya

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma jihohi bakwai ke kanta: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a jerin yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906, suna ta gusar da layin don Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi. Layin ya bi ta tsakiyar ƙasar Gobir da Katsina da Daura da Borno. Gidan sarautar Katsina da ya bar birni bayan jihadi a Maraɗi ya zauna, shi ya sa har gobe ake cewa Katsinan Maraɗi. Gobirawa suka kafa Tsibiri 'yar tafiya kaɗan daga nan, danginsu kuma na Sabon Birni a jihar Sakkwato.

Mutum kan yi sallar asuba a Illela ya karya kumallo a Ƙonni. A Maigatari, ranar Alhamis, shanu da raƙuma da tumakin da ke cika kasuwa yawancinsu daga ƙetaren iyaka ake koro su, masu canji na zaune da naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya. Waken Nijar na sauka a Dawanau, albasar Galmi na bi ta Najeriya zuwa kudu, fetur da siminti da kayan masarufi kuma na hawa arewa. Aure, biki, jana'iza, almajiranci, duk ba sa tambayar fasfo.

Akwai kuma bashin da ba na kasuwa ba. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara. A watan Maris na 2015 sojojin Nijar da na Chadi ne suka kori Boko Haram daga Damasak. Sama da 'yan Najeriya dubu ɗari da suka tsere wa Boko Haram da 'yan bindigar daji suna zaune a jihohin Diffa da Maraɗi da Tawa a matsayin 'yan gudun hijira, wasu a sansani, da yawa a gidajen mutanen gari.

Saboda haka da aka ce za a shiga Nijar, mutumin Sakkwato bai ji maganar a matsayin labarin ƙasashen waje ba. Ya san hanyar da tankoki za su bi: ko ta Illela zuwa Ƙonni, ko ta Kamba zuwa Gaya da Doso, sannan Yamai. Ya san in aka fara gudu ina za a nufa, wato jihohin da manomi ke biyan 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa. Ya kuma tuna Libiya. A ranar 17 ga Maris 2011 Najeriya na cikin ƙasashen da suka jefa ƙuri'ar amincewa da ƙuduri mai lamba 1973 a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya buɗe wa jiragen NATO hanya. An kashe Gaddafi a watan Oktoba, rumbunan makamansa suka watse, shekarar da ta biyo baya arewacin Mali ya faɗi, kuma wutar ba ta tsaya a Mali ba. Sunan Libiya ya yi ta fitowa a bakin masu kiran waya a shirye-shiryen rediyon Hausa, ya fito a huɗubobin Juma'a, ya fito har a sanarwar bishof-bishof na ɗarikar Katolika na Afirka ta Yamma, waɗanda su ma suka ce kada a yi.

Wasiƙar da aka karanta ranar Juma'a

Ranar Juma'a 4 ga Agusta, saura kwana biyu wa'adi ya cika, shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya karanta wasiƙar Tinubu a zauren majalisa. Ta lissafa matakan da aka shirya: rufe iyakoki, yanke wutar lantarki, hana jirage zirga-zirga, tare kayan Nijar da ke tashoshin ruwa, sai kuma shirin tura sojoji idan masu juyin mulkin suka kafe.

Ba don ladabi kawai aka aiko da wasiƙar ba. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ba zai yi shelar yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun tarayya biyu sun zauna tare sun amince, kuma ba za a tura ko soja ɗaya fagen fama a wajen Najeriya ba sai da yardar Majalisar Dattawa. Akwai togaciya guda: in tsaron ƙasa na cikin haɗari na kusa, yana iya tura sojoji bayan ya shawarci majalisar tsaro ta ƙasa, amma dole ya nemi izinin dattawa cikin kwana bakwai, su kuma su ba da amsa cikin kwana goma sha huɗu. Lokacin da Babangida ya tura sojoji Laberiya, da lokacin da Abacha ya tura su Saliyo su mayar da Ahmad Tejan Kabbah, babu majalisar da za a tambaya. An kawo gawarwaki gida, an kashe kuɗi masu yawa, kuma babu zauren da iyayen sojojin za su kai kukansu. A 2023 zauren na nan.

Kafin dare ƙungiyar sanatocin arewa, wadda Abdul Ningi ke shugabanta, ta fitar da sanarwa ta bakin kakakinta Sulaiman Kawu Sumaila. Ta yi Allah wadai da juyin mulkin, sannan ta ce ba ta yarda da amfani da ƙarfi ba muddin ba a ƙure sauran hanyoyi ba, ta kuma ambaci jihohin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Washegari Asabar majalisa ta shiga zaman sirri. Da aka buɗe ƙofa, Akpabio ya karanta matsayar da aka cim ma: ana kira ga shugaban ƙasa da takwarorinsa su ƙarfafa hanyoyin siyasa da diflomasiyya. Ya ƙara da cewa Tinubu bai nemi izinin yaƙi ba tun farko. Wannan ya rufa wa kowa asiri, amma saƙon ya isa inda aka aike shi. Majalisar da jam'iyyar shugaban ƙasa ke da rinjaye a cikinta ta nuna masa cewa in ya nema ba zai samu ba.

Sanatocin ba su farka da wannan ra'ayi haka kawai ba. Wayoyinsu ba su huta ba a wannan mako. Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa ta yi magana, Jama'atu Nasril Islam ta yi, Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci ta yi. Daga baya a Kano ma mutane suka fito kan titi riƙe da tutocin ƙasashen biyu. Tinubu ya ci zaɓen Fabrairun wannan shekarar ne da ƙuri'un da mafi yawansu daga arewa suka fito, kuma a lokacin shari'ar zaɓen na gaban kotu, cire tallafin fetur kuma ya riga ya sa jama'a cikin ƙunci. Shugaban da ke wannan hali ba zai so ya buɗe fagen yaƙi a ƙofar gidan waɗanda suka zaɓe shi ba.

Masu rawani a hanyar Yamai

Da adawar ta tsaya a kan "ba mu yarda ba", da mai yiwuwa ta yi rauni, domin masu son a shiga suna da tambaya mai nauyi: to in ba a shiga ba, me za a yi? Waɗanda suka amsa tambayar su ne waɗanda suka hau jirgi.

Tawagar farko ta ECOWAS ce, ranar 3 ga Agusta, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, mutumin da ya miƙa mulki ga farar hula a 1999 ya kuma jagoranci sulhun Laberiya a Akara a 2003. Tare da shi akwai Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda shi kansa tsohon soja ne da ya yi aiki da rundunar ECOWAS ta ECOMOG a Saliyo. Ba su wuce filin jirgin saman Yamai ba. Wasu hafsoshi suka zo suka same su a can, ba su ga Tchiani ba, ba su ga Bazoum ba, suka juyo cikin dare. A ƙasar Hausa, a bar Sarkin Musulmi a filin jirgi ba ƙaramin abu ba ne, kuma mutanen Nijar sun san haka kamar yadda na Najeriya suka sani. Kwanaki kaɗan bayan nan mataimakiyar sakataren harkokin wajen Amurka, Victoria Nuland, ita ma ta je ta dawo ba ta ga Tchiani ba, sannan aka hana tawagar haɗin gwiwa ta ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa baki ɗaya.

Ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga waɗannan ta buɗe ranar 9 ga Agusta ga Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano amma khalifan Tijjaniyya ne a Najeriya. Sarkin Damagaram ya raka shi. Ya ce ba gwamnati ta aike shi ba, ko da yake ta san da tafiyar, kuma da ya dawo kai tsaye fadar shugaban ƙasa ya nufa. Kwana uku bayan haka tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, shugaban Izala, tare da malaman ɗarika, suka zauna da Tchiani na tsawon sa'o'i. A bayanin da malaman suka fitar, janar ɗin ya ce ƙofar tattaunawa a buɗe take, ya ce abin da ya yi musu zafi shi ne an ba su wa'adi ba a saurari nasu ɓangaren ba, ya kuma ba da haƙuri kan yadda aka tarbi tawagar Abdulsalami. Ranar 19 ga wata tawagar Abdulsalami ta koma. A wannan karon ta ga Tchiani, ta kuma ga Bazoum.

Me ya sa aka buɗe wa malami abin da aka rufe wa jakada? Jakada ya zo da takardar wa'adi a aljihu, duk wanda ya saurare shi kamar ya miƙa wuya ne a gaban jama'ar da ta cika filin wasa na Seyni Kountché tana jinjina wa sojoji. Malami da basarake kuwa suna da mabiya a ɓangarorin biyu na iyaka. Tchiani Bahaushe ne, Bazoum Balarabe ne da ke jin Hausa kamar kowa, kuma wa'azin da ake sauraro a Kano shi ake sauraro a Damagaram. Janar zai iya sassautowa a gaban malamansa ba tare da an ce ya ji tsoron Abuja ba, Tinubu ma zai iya jinkirtawa ya ce dattawa ne suka roƙe shi. Masu shiga tsakanin sun ba kowane ɓangare hanyar ja da baya da mutuncinsa, abin da taron ƙoli da sanarwar bayan taro ba su iya bayarwa ba.

Inda aka ji, da inda ba a ji ba

Yawan masu ƙin yaƙi kaɗai ba ya hana yaƙi. Ranar 15 ga Fabrairun 2003 miliyoyin mutane sun fito a ɗaruruwan birane suna adawa da mamaye Iraƙi. A Landan kaɗai an yi ƙiyasin kusan miliyan guda, taron da birnin bai taɓa ganin irinsa ba. Ranar 18 ga Maris majalisar dokokin Birtaniya ta mara wa Tony Blair baya da ƙuri'a 412 a kan 149, bayan kwana biyu aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Masu zanga-zangar sun cika titi, amma shugabannin manyan jam'iyyu biyu duk suna bayan yaƙin, kuma Iraƙi na da nisa daga gidan mai jefa ƙuri'a.

A wannan watan dai, ranar 1 ga Maris, majalisar Turkiyya ta zauna kan buƙatar Amurka ta girke sojoji 62,000 a ƙasar don shiga Iraƙi ta arewa. Gwamnati na goyon baya, an kuma yi alkawarin biliyoyin daloli. Amma mafi yawan Turkawa ba sa so, Iraƙi maƙwabciyarsu ce, kuma sun ɗanɗana asarar da yaƙin 1991 ya jawo musu. Ƙuri'a ta fito 264 a kan 250, mutum 19 suka ƙaurace, ba a kai rinjayen da doka ta tanada ba. Jiragen ruwan da ke ɗauke da kayan yaƙin Amurka sai da suka sauya hanya. Shekara goma bayan haka, ranar 29 ga Agustan 2013, majalisar Birtaniyar da ta amince da yaƙin Iraƙi ta ƙi amince wa David Cameron ya kai hari Siriya, da ƙuri'a 285 a kan 272.

Abin da ya haɗa Ankara a 2003 da Abuja a 2023 abu uku ne. Waɗanda za su ɗauki asarar yaƙin su ne masu zaɓen 'yan majalisar. Doka ta ajiye wurin da dole a tsaya a nemi izini. Sannan 'yan majalisar jam'iyya mai mulki sun fi jin tsoron mazaɓunsu a kan fadar shugaban ƙasa. Najeriya ta ƙara da na huɗu, wato mutanen da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsu.

Abin da aka yi maimakon yaƙi

Ba a harba bindiga ba, amma an yi wani abu da talaka ya ji a jikinsa. A farkon Agusta Najeriya ta katse layin wutar da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga Najeriya yake zuwa. Asibitoci suka koma kan janareto, masu sayar da ƙanƙara da masu walda da teloli suka zauna jiran wuta. A Illela da Jibiya da gadar Malanville ta Benin manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci, direbobi na kwana ƙarƙashin tireloli, albasa na ruɓewa a buhu, magani da abincin agaji na maƙale a hanya. Shinkafa ta yi tashin gwauron zabo a Yamai, dabbobi suka yi tsada a kasuwannin arewacin Najeriya. Masu babura da masu kwalekwale suka buɗe hanyoyin bayan fage, kowane shinge da kuɗin da ake ajiyewa. A watan Oktoba gwamnatin sojan ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ba a ji wani janar ya kwana da yunwa ba.

Takunkumin ya shafe kusan wata bakwai. Sanatocin arewa sun sake fitowa sun nemi a maido da wuta, amma muryoyin da suka cika gari a watan Agusta sun ragu sosai da zarar barazanar tankoki ta kau. Sai a watan Fabrairun 2024 Janar Yakubu Gowon, wanda shi kaɗai ya rage cikin shugabannin da suka kafa ECOWAS a Legas a 1975, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon a janye. Ranar 24 ga wata aka janye, aka ce saboda jinƙai. Kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ƙulla ƙawancensu na Sahel a watan Satumba, sun kuma sanar da ficewa daga ECOWAS ranar 28 ga Janairu.

Masu ra'ayin a yi amfani da ƙarfi suna da hujjar da bai kamata a yi watsi da ita ba. Daga 2020 zuwa 2023 an yi juyin mulki sau biyu a Mali, sau ɗaya a Gini, sau biyu a Burkina Faso, sannan Nijar. Suna cewa in ba a taka wa wani birki ba kowane kanar zai gwada sa'arsa. Suna kawo misalin Gambiya a Janairun 2017, inda Yahya Jammeh ya tattara ya bar ƙasar bayan sojojin Senegal sun ƙetara iyaka. Sai dai Gambiya ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kewaye, sojojinta kaɗan ne kuma hafsansu ya ce ba za su yi faɗa ba, sannan a ƙarshe Alpha Condé na Gini da Mohamed Ould Abdel Aziz na Muritaniya ne suka zauna da Jammeh har ya yarda ya hau jirgi. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa, rundunarta ta bi bayan masu juyin mulkin, kuma mutumin da za a je ceto yana hannun waɗanda za a kai wa hari.

Duk da haka, abin da masu wannan ra'ayi suka ji tsoro ya faru. Kwana guda bayan zaman malamai da Tchiani, sojojin suka ce za su gurfanar da Bazoum kan cin amanar ƙasa. Kotun ECOWAS ta ba da umarnin a sake shi a watan Disamba, ba a sake shi ba. Wa'adin shekara uku da Tchiani ya ambata a Agustan 2023 ya koma shekara biyar daga Maris na 2025, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Shekara biyu bayan juyin mulkin Bazoum da matarsa na nan tsare. Cikin waɗanda suka ƙi yaƙi akwai waɗanda suka zarce har suka koma yi wa mulkin soja kirari, kamar ƙin a jefa wa Maraɗi bam na nufin yarda a kulle zaɓaɓɓen shugaba ba shari'a. Sanarwar sanatocin arewa ta raba waɗannan biyun tun ranar farko, kuma ta yi daidai.

Bashin da ya rage

Najeriya ta taɓa bin hanyar sulhu har ƙarshenta, ta kuma san tsadarta. Kamaru ta kai ƙarar Bakassi Kotun Duniya a 1994, bayan sojojin ƙasashen biyu sun yi arangama. Hukunci ya fito ranar 10 ga Oktoban 2002, bai yi wa Najeriya daɗi ba. Obasanjo da Paul Biya, da sa hannun Kofi Annan, suka kafa hukumar haɗin gwiwa, suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Greentree ranar 12 ga Yunin 2006, aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agustan 2008. Shekara goma sha huɗu ke nan, kuma masu awon ƙasa sun ci gaba da kafa ginshiƙan iyaka shekaru bayan haka. Masuntan da aka tayar daga Bakassi har yanzu suna kukan an manta da su. Amma ƙasashen biyu ba su gwabza yaƙi ba, kuma da Boko Haram ta taso sojojinsu a sahu ɗaya suka tsaya.

Tsakanin Najeriya da Nijar irin wannan aiki na haƙuri bai samu masu riƙe shi ba. Hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu na nan a Yamai tun 1971. Babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agustan 2024 ya zauna da takwaransa. Amma a Disambar wannan shekarar Tchiani ya fito da harshen Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu, mai ba Tinubu shawara kan tsaro, ya mayar masa da martani da Hausa, a watan Maris na 2025 kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Kowace irin wannan ɓaraka, 'yan bindigar da ke ƙetare iyaka tsakanin Sakkwato da Tawa ne ke cin ribarta.

Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da wannan hujja aka hana yaƙin 2023, kuma ita ce ta ɗora wa waɗanda suka hana shi nauyin jinya. Malaman da Tchiani ya saurara a kan maganar yaƙi za su iya tambayarsa makomar wanda ke tsare. Sarakunan da ke da talakawa a ɓangarorin biyu za su iya zama kan hanyoyin kiwo da kasuwannin iyaka ba sai an jira taron shugabannin ƙasa ba. Sanatocin da suka karanta wa shugaban ƙasa sashe na 5 za su iya neman a kawo musu duk wani takunkumi da zai shafi mazaɓunsu kafin a ƙaƙaba shi, tunda rufe iyaka da yanke wuta ba su bi ta gabansu ba. Tsayar da tankoki ya ɗauki mako uku ana hayaniya. Sauran aikin na shekaru ne, ba ya tara jama'a a titi, kuma sai an yi shi ne za a iya amsa wa wanda ya tambaya: to in ba a shiga ba, me aka yi?